Baƙin Ƙarƙashin Idon Yaro: A Fara Duba Hanci

 A wannan darasi na lafiyar iyali za mu yi magana a kan wani abu da iyaye ke gani a fuskar yaransu kowace shekara, amma ba kasafai ake kai shi asibiti ba. Da zarar hunturu ya kama a watan Nuwamba, a garuruwan bakin iyaka irin su Gangara da Magama da cikin garin Jibia, har zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a tsallaken Nijar, za ka riƙa cin karo da yara waɗanda ƙarƙashin idonsu ya yi duhu. Wani kamar kwalli ne ya zazzago masa, wani kuma kamar an nause shi a idanu biyu. Yaron yana wasa, yana cin abinci, ba ya zazzaɓi, sai dai fuskarsa kullum kamar ta wanda ya kwana bai runtsa ba.

Kowa da fassarar da yake yi wa wannan. Kaka za ta ce tsutsar ciki ce. Maƙwabciya za ta ce uwar ba ta ba shi abinci yadda ya kamata. Malamin makaranta zai ce yawon dare yake yi. Akwai kuma fassarar da ta fi waɗannan nauyi, wadda ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa: wai baki ne ya kama yaron, ko wani ne ke shan jininsa. Wannan ta ƙarshe ta sha raba zumunci, har a gidajen masu bi.

Abin da muke so mu nuna shi ne, idan wannan duhu ya zo tare da atishawa da toshewar hanci da susar ido, to mafi yawan lokuta tushensa yana cikin hanci, kuma sunan matsalar alaji.

Yadda hanci ke baƙanta ido

Fatar da ke kewaye da ido ita ce mafi siranta a jikin mutum, kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba. A ƙarƙashinta akwai ƙananan jijiyoyi masu mayar da jini zuwa zuciya, kuma hanyarsu a haɗe take da jijiyoyin hanci da na kogunan iska da ke cikin ƙasusuwan fuska. Idan naman cikin hanci ya kumbura, sai ya matse wannan hanya. Jinin da ya kamata ya wuce sai ya riƙa tafiyar hawainiya, jijiyoyin su cika su buɗe, ɗan ruwa ya tsattsafo cikin naman wurin. Mai noman rani a ƙasan madatsar ruwa ta Jibia ya san wannan: idan ciyawa ta toshe bakin magudana, ba a wurin toshewar ake ganin ruwa ba, a baya yake taruwa ya kwanta. Jinin da ya kwanta haka ya riga ya ba da iskar da ya ɗauko, don haka launinsa ya fi duhu, kuma ta cikin wannan siririyar fata ake hango shi.

A jikin yaro mai hasken fata abin yakan yi shuɗi-shuɗi. A yaranmu kuwa yakan fito a matsayin duhu fiye da sauran fuska, wani lokaci da ɗan kumburi da safe. Akwai kuma abu na biyu da ke ƙara shi a fata irin tamu. Duk inda aka yawaita susa ko murza, baƙar fata takan ƙara baƙi, kamar yadda tabon ƙurji ko na cizon sauro ke daɗewa bai goge ba. Yaron da ya yi wata uku yana murza ido da bayan hannu, ko da hancin ya buɗe, duhun ba zai tafi nan da nan ba.

Likitocin yara sun daɗe da sanin wannan alama. A shekarar 2009 wasu likitoci a Taiwan sun auna ta da hotunan kwamfuta, suka ga yara masu alajin hanci sun fi sauran yara wannan duhu, kuma wanda ya fi daɗewa da ciwon ya fi baƙi. Ke nan duhun yana ba da labarin tsawon lokacin da yaro ya ɗauka yana fama, ba labarin daren jiya kaɗai ba.

Mene ne alaji?

Allah ya yi wa jikinmu garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin wasu mutane wannan garkuwa tana da saurin fushi. Takan ɗauki abin da ba shi da illa, kamar bununin gero ko gashin kyanwa, ta mai da shi abokin gaba. A haɗuwar farko jiki yakan ƙera wani makami da likitoci ke kira IgE, wanda aka gano a tsakanin 1966 da 1967. Makamin yakan zauna a cikin hanci da ido da fata da hanyar numfashi yana jira. Duk ranar da abin ya sake shigowa, sai jiki ya saki sinadarai, babbansu shi ne histamin, kuma shi ke kawo ƙaiƙayi da atishawa da majina mai ruwa da kumburi. Wani likitan yara na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1906. Mu nan mun san wani ɓangare na abin tun da daɗewa da sunan borin jini, wato lokacin da jikin mutum ya yi rudu-rudu yana ƙaiƙayi bayan ya ci wani abu ko ya sha wani magani.

Alaji yana bin jini. Idan uwa ko uba na da asma, ko yawan atishawar safe, ko kirci, to ba abin mamaki ba ne a ga ɗayan waɗannan a jikin 'ya'yansu. Sau da yawa ukun suna tafiya tare, ko su biyo juna: jariri ya fara da bushewar fata da ƙaiƙayi a kumatu da lanƙwasar hannu, yana girma ƙirji ya fara shaƙewa, ya shiga firamare da toshewar hanci. Ba a ɗaukarsa daga wani yaro, don haka babu dalilin ware mai shi daga 'yan'uwansa, ko hana shi zama a benci ɗaya da sauran yara.

A ƙasar Jibia shekara ba ta barin irin wannan yaro ya huta sosai. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ɗakin ƙasa yakan yi danshi, fumfuna ta kama bango da tabarma, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yawaita a katifa da matashi da bargo, gero da dawa da ciyawa kuma su fitar da bununi. Da kaka sai sussuka da shiƙa, uwa na aiki da goyo a baya, ƙaiƙayi na tashi yana sauka a kansu duka biyu. Daga nan sai hunturu. Yawancin ƙurar da ke rufe mana rana daga Nuwamba zuwa Maris tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta ratso Nijar. Mu da ke bakin iyaka muna cikin waɗanda take fara sauka a kansu a Nijeriya.

Sai dai a nan akwai bambancin da ya kamata a gane. Ƙurar hunturu ita kanta ba lallai ce ke haddasa alajin ba. Tana busar da cikin hanci, tana karce shi, tana ɗauke da ƙwayoyin fumfuna da ɓurɓushin tsirrai, sai ta hura wutar da dama tana ci. Haka hayaƙin murhu yake yi, da hayaƙin igiyar sauro da ake kunnawa a rufe ɗaki, da turaren wuta, da warin fetur a gidajen da ake ajiye jarkoki kusa da wurin kwana, abin da ba baƙo ba ne a garuruwan kan iyaka. Sanyi kuma yakan sa a toshe kowace kafa ta ɗaki, a shigo da garwashi, a fito da bargunan da suka yi wata takwas a akwati ba a shanya ba. Kyankyasai ma suna cikin manyan masu tayar da alaji da asma, kuma mutane ba su cika kawo su a rai ba.

Karanta fuskar gaba ɗaya

Duhun ido shi kaɗai ba ya isa shaida. Dole a haɗa shi da sauran abin da fuska ke nunawa.

Ku lura da hannun yaron. Mai alajin hanci yakan tura kan hancinsa sama da tafin hannu, sau da yawa a rana, don ya sosa ya kuma buɗe hanyar iska. Idan ya daɗe yana haka, wani siririn layi yakan fito a gicciye a kan karan hancin. A ƙarƙashin fatar ido ta ƙasa kuma akan ga wani ninki ko biyu, kamar na tsoho, a fuskar ɗan shekara biyar. Bakinsa a buɗe yake yawancin lokaci domin da shi yake numfashi, leɓensa a bushe. Da dare yana minshari, yana juye-juye, ya tashi da safe a gajiye. Atishawarsa a jere take zuwa, biyar ko goma, musamman da asuba ko lokacin shara. Majinarsa fara ce kamar ruwa. Wani yakan riƙa yin wani ƙara da maƙogwaro yana sosa ganɗarsa da harshe, har manya su yi ta tsawata masa suna cewa ɗabi'ar banza ce.

Mura ta gaskiya takan zo da ɗan zazzaɓi da ciwon jiki, ta kama mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta wuce cikin mako guda ko kwana goma. Murar da ta yi wata biyu, ba zazzaɓi, mutum ɗaya take damu a gida, kuma tana dawowa a lokaci guda kowace shekara, wannan ba mura ba ce. Iyaye da yawa sun kashe kuɗi a kemis suna sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta kwalba bayan kwalba saboda ita, alhali babu ƙwayar cutar da za a kashe.

Kada a raina wahalar da ke cikin wannan don ba ta kwantar da yaro. Wanda ba ya barci mai nauyi ba ya riƙe karatu. Kunnensa ma yakan toshe, domin akwai hanya tsakanin bayan hanci da kunne, sai a kira shi bai ji ba a ce taurin kai ne. Yara da yawa sun sha bulala a aji saboda gyangyaɗi da rashin mai da hankali, alhali numfashi ne ya hana su barci.

Lokacin da ba alaji ba ne

Akwai gidajen da duhun ido gado ne kawai, uwa na da shi, kaka na da shi, yaron kuma lafiyarsa lau. Wannan ba ya bukatar komai. Akwai kuma yaran da wani nama da ke can bayan hanci ya yi musu girma ya toshe hanya. Alamunsu sun yi kama da na alaji, kuma likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne ke tantancewa. Wannan naman ba shi ne beli ba, askar wanzami ba ta kai wa gare shi. Cire beli ba ya buɗe hancin yaro, abin da yake iya jawowa shi ne zubar jini da shigar cuta.

Waɗanda ke bukatar gaggawa su ne waɗannan. Idan yaro na zawo ko amai, idanunsa suka faɗa ciki suka yi duhu, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take a nufi asibiti. Idan ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka ga cikin ya yi fari maimakon ja, tafin hannunsa ma ya koɗe, jini ne ya yi ƙasa, kuma a wurinmu zazzaɓin cizon sauro da sikila da tsutsar ciki da ƙarancin abinci su ne kan gaba wajen jawo haka. Idan fuska na kumbura da safe, ƙafafu ma suna kumbura, ko fitsari ya ragu ko yana kumfa, a duba ƙoda, a kuma duba tamowa. Idan duhun ya fito kwatsam bayan faɗuwa daga babur ko daga bishiya, ya zagaye idanu biyu, yana iya zama alamar tsagewar ƙashin kai. Idan ido ɗaya ne ya kumbura, ya yi ja da zafi, ga zazzaɓi, ko ƙwayar idon ta turo waje, kada a kwana da shi a gida.

Akwai kuma wanda ba ma son faɗa. Wani lokaci baƙin ido duka ne. Duhun alaji yana zuwa a idanu biyu daidai wa daida, ba ya zafi idan an taɓa, ba ya sauya launi daga rana zuwa rana. Tabon duka yakan fi yawa a gefe ɗaya, yana ciwo, yana kuma sauyawa yayin da yake warkewa. Malamin makarantar Lahadi da ya san wannan bambanci ba zai zargi iyayen da ba su yi komai ba, ba kuma zai kau da kai daga yaron da ake cuta ba, musamman marayu da 'ya'yan riƙo.

Idon da ya yi launin ƙasa

Za mu daɗe a nan, domin a nan ne ake asarar abin da ba ya dawowa.

A ƙasashe masu zafi da bushewa irin namu akwai wani alajin ido mai tsanani da ke kama yara, ya fi yawa a maza, yakan fara kafin shekara goma. Farin idon yakan rine ya koma launin ƙasa, kewayen baƙin idon ya yi kauri, yaron ya riƙa murza ido kamar zai cire shi, yana gudun hasken rana, kwantsa mai yauƙi kamar zare tana fita. Fatar kewayen idon ma takan yi baƙi ƙwarai. Mutane kan ce shawara ce, ko su ce apolo ce ta ƙi warkewa. Apolo ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, tana wucewa cikin kwanaki. Wannan kuwa yana ɗaukar shekaru yana tafiya yana dawowa, kuma ga yawancin yara yakan lafa da kansa bayan sun balaga.

Haɗarin yana cikin abin da ake ɗigawa kafin lokacin. Akwai magungunan ɗigawa masu sinadarin sitiroyid, waɗanda a jikin kwalbarsu za ka ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone. Suna aiki kamar yankan wuƙa: a ɗiga yau, gobe ido ya washe, ƙaiƙayi ya tafi. Saboda haka uwa takan riƙe kwalbar, duk lokacin da ciwon ya motsa ta aika a sayo irinta, a kemis ko a wurin masu tallar magani ranar kasuwa. Ba wanda ya gaya mata cewa a idon wasu yara wannan magani yana ɗaga matsin ruwan cikin ido a hankali, ba tare da ciwo ba, har ya kashe jijiyar gani. Wannan ita ce gilakoma, kuma ganin da ta ɗauke ba ya dawowa ko da aiki. Yana kuma kawo yanar ido tun yaro na ƙarami, kuma idan akwai gyambo a kan baƙin idon yakan ƙara faɗaɗa shi. Likitan ido ma yana ba da wannan magani, amma na ɗan lokaci ne, yana auna matsin idon yana ragewa har ya tsayar. Akwai waɗansu magungunan ɗigawa marasa wannan haɗari, irin su sodium cromoglicate da olopatadine, waɗanda ake iya daɗewa a kansu, sai dai ba su da saurin na farko, suna bukatar haƙuri.

Haka nan ruwan sukari da ruwan albasa da nono da fitsari da ruwan ganye, babu wanda ya kamata ya shiga idon yaro. Kwalli ma muna roƙo a bar sa wa yara. Kwallin dutse da aka saba da shi yawanci ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro mai murza ido ya kai hannu baki, shi ya fi kowa haɗiyarta. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, ko da yake ta can daga dutsen zinariya ta fito.

Wurin zuwa yana nan. Daga babban asibitin Jibia ana iya tura mutum Katsina, inda akwai likitocin ido da na yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan na SIM suka kafa tun 1943, kuma har yau Kirista da Musulmi daga Nijeriya da Nijar suna cika shi. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Mun san halin da hanyoyin yankin Jibia suke ciki a 'yan shekarun nan, mun san kuɗin mota ba wasa ba ne. Amma tafiya ɗaya a auna ido a rubuta maganin da ya dace ta fi arha a kan shekara uku ana sayen kwalbar da ke cin ganin yaro.

Kada a hana yaro abinci saboda duhun ido

Yanzu da waya ta shiga kowane hannu, iyaye kan ci karo da bayanan da ke cewa duhun ido alama ce ta cewa madara ko ƙwai ko gyaɗa ko alkama ba su karɓi yaro ba, a daina ba shi. Yawancin waɗannan bayanai an rubuta su ne don ƙasashen da idan an cire abu ɗaya akwai goma da za su maye gurbinsa. Ko a can ma likitoci ba su yarda a yanke wa yaro abinci a kan wannan alama kaɗai ba. Alajin hanci daga abin da ake shaƙa yake zuwa, da wuya abinci ya zama sanadinsa.

A wurinmu kuwa wannan shawara tana iya kisa. Jihar Katsina na cikin wuraren da tamowa ta fi tsanani a Nijeriya, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin kula da yara masu tamowa a jihar tun 2021, Jibia na cikin wuraren da ta yi aiki. Abincin leda da ake ba waɗannan yara ma da gyaɗa da madara ake yin sa. Ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da nono da wake da ɗan ƙwai su ne abin gina jiki da talaka ke iya kaiwa gare su. Wanda ya cire su saboda duhun ido ya bar yaro da tuwo da kunu zalla.

Alajin abinci na gaskiya ba ya ɓuya. Cikin mintoci, ko awa ɗaya zuwa biyu da cin abin, jiki yakan yi rudu-rudu, leɓe ko fuska su kumbura, amai ya zo, kuma haka zai faru duk lokacin da aka ci. Idan murya ta shaƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko yaron ya yi laushi, wannan na mutuwa da rai ne, allurar adirenalin yake bukata a asibiti mafi kusa. Irin wannan yaron ne ake hana wa abincin, shi ma abu ɗayan da aka tabbatar. Ga sauran yara kuwa, wani babban bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2015 ya nuna cewa jariran da aka fara ba su gyaɗa da wuri sun fi tsira daga alajinta nesa ba kusa ba, a kan waɗanda aka hana. Kunun gyaɗar da iyayenmu mata ke ba yaro bayan wata shida yana kan hanya.

Abin da za a iya yi a gida da kuma a ikilisiya

Ba wanda zai iya tsayar da hunturu, amma ɗakin kwana yana hannunmu. A yayyafa ruwa kafin shara, a fitar da yaron sai ƙura ta kwanta. A shanya katifa da matashi da bargo a rana mai zafi, a wanke zannuwan gado a kai a kai. A bar igiyar sauro a koma gidan sauro, wanda dama ya fi ta kariya. Kaji da tantabaru da kyanwa su kwana a waje, buhunan hatsi da jarkar mai su bar ɗakin da yara ke kwana. Ranar sussuka a bar goyo wurin wata a gida, ko a zaunar da shi ta inda iska ke fitowa. Idan yaro ya dawo daga makaranta ko kiwo, a wanke masa fuska da ruwa mai tsabta, a ɗora masa tsumma mai sanyi a kan ido idan yana ƙaiƙayi, a yanke masa farce.

Ruwan gishiri yana taimakon hanci ƙwarai, kuma kusan kyauta ne. A tafasa rabin lita na ruwa, a bar shi ya huce, a zuba gishiri shafaffen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A ɗiga a kowace kafar hanci safe da yamma, babban yaro kuma ya shaƙa daga tafin hannu ya fyace. A haɗa sabo kowace rana. Man kaɗanya kaɗan a bakin hanci da leɓe yana rage tsagewa. Mai mai yaji irin na shafawa a ƙirji kuwa, kada a cusa shi cikin hancin ƙaramin yaro.

Game da magani, ma'aikacin lafiya zai iya ba da cetirizine ko loratadine gwargwadon shekarun yaro. Sun fi tsohon maganin nan chlorpheniramine dacewa da ɗan makaranta domin ba su cika sa barci ba. Idan toshewar ta yi tsanani akwai maganin fesawa a hanci da likita ke rubutawa, wanda sai an yi kwanaki ana amfani da shi kullum kafin a ga aikinsa. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa, idan aka wuce kwana biyar ana sa shi, hancin yakan ƙara toshewa fiye da da. Yaron da ke tari da dare, ko ƙirjinsa ke fito idan ya yi gudu, a faɗa wa likita, domin hanci da huhu hanya ɗaya ce, kuma asma da alajin hanci sukan zauna a jiki ɗaya.

Mu ma a ikilisiya muna da abin gyarawa. Sau nawa ake share ɗakin sujada da busasshiyar tsintsiya ana saura minti goma a fara, sannan a zaunar da yara a ƙasa a gaba, inda ƙurar ke sauka? Labule da darduma na bagade sukan shekara ba a kakkaɓe ba. Manyan tarurrukanmu kuma, na Kirsimeti da na sabuwar shekara da na Zumuntar Mata, yawancinsu a tsakiyar hunturu suke faɗawa, yara na kwana a tabarma a azuzuwan da aka daɗe ba a buɗe ba. Shara tun ranar Asabar da bokitin ruwa ɗaya za su rage wannan.

Sai batun zargi. A Bishara ta Yohanna sura 9, da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne neman wanda ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Ubangiji bai karɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba, ya juya ga warkar da mutumin. Idan uwa ta kawo wa fasto ko dattijo ko shugabar mata yaro mai duhun ido tana cewa ana bin sa da dare, a yi addu'a tare da ita da zuciya ɗaya, domin tsoronta na gaske ne. Bayan an ce amin kuma a tambaye ta: yana minshari? Yana atishawa da safe? Akwai mai asma a dangi? Kada a bari sunan wata tsohuwa ko na matar ɗan'uwa ya fito daga ɗakin addu'a a matsayin mai laifi. Manzo Bulus da kansa yana da likita, Luka, a cikin abokan tafiyarsa.

Idan za a je asibiti, a tafi da duk kwalaben da aka taɓa ɗiga wa yaron ko aka ba shi, ko da sun ƙare. A riƙe amsar tambayoyi uku: a wane wata abin ke tashi, a wane wuri ya fi tsanani, kuma me aka gani yana tayar da shi. Bayan an fara magani, atishawa da ƙaiƙayi ne ke fara tafiya, sai minshari ya ragu, yaron ya fara tashi da safe da kuzari. Duhun ƙarƙashin idon shi ke zuwa ƙarshe, yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya washe. Kada ganinsa ya sa a ce maganin bai yi ba a koma kemis, kada kuma a shafa masa man bilicin ko wani mai na tube don a goge shi, domin yawancinsu suna ɗauke da sitiroyid ɗin nan da muka yi magana a kai, ga shi kuma dab da ido za a shafa.